Yadda Za Ka Bi Sawun Magana Kafin Ta Zauna Maka A Rai

Wata rana da hantsi, wata babbar mota da ta ɗauko albasa daga Marwa, a arewacin Kamaru, ta yi faci kusa da Figil, ta tsaya a karkace ta tare rabin hanya na kusan sa'a biyu. Na san haka ne domin yaron motar ɗan ƙanwata ne, kuma shi da kansa ya kira ni yana neman in turo masa kuɗin abinci. Kafin la'asar, ina zaune a teburin mai shayi a nan Garwa, sai ga wani bawan Allah ya sauka daga babur yana ba da labari cewa motoci uku sun kife, an rufe hanyar Marwa. Bayan magariba kuma saƙon murya ya shigo wayata ta WhatsApp, wata murya da ban sani ba tana gargaɗin jama'a cewa hanyar ba za ta buɗu ba sai bayan mako guda, don haka kowa ya sayi albasa ya ajiye. A iya binciken da na yi, babu wanda ya zauna ya ƙirƙiri ƙarya a cikin wannan tafiya, kowa ya faɗi abin da ya ɗauka shi ne ya ji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halin da na tsinci kaina a ciki washegari, domin ni da na san asalin maganar daga bakin mai ita, sai da na ce wa uwargida ta ƙaro albasa idan ta aika kasuwa, ko da za a yi tsada.

Magana ba ta isowa yadda ta tashi, kuma idan ta shiga kunnen mutum ba ta barinsa yadda ta same shi. Wannan ya shafi jita-jitar kasuwa, ya shafi ra'ayin siyasa, da shawarar magani, da dabarar noma, har da abin da muke ɗauka game da wata ƙabila ko wata unguwa. Ga hanyoyin da mutum zai bi ya gane abin da tafiya ta yi wa magana, da abin da maganar take shirin yi masa.

Fara da gwaji a cikin gidanka

Kafin ka zargi kowa da ƙarin gishiri, ka ga abin da idonka, tun da gani ya kori ji. Ka rubuta gajeren labari wanda bai wuce layi goma ba, ka sa masa sunan mutum, da sunan gari, da adadin kuɗi, da rana, da wani abu guda wanda mutanen gidanka ba su saba da shi ba. Ka karanta wa mutum na farko sau biyu a keɓe, bayan ɗan lokaci shi kuma ya faɗa wa na biyu da ka, na biyu ya faɗa wa na uku, har a kai ga mutum na shida. Ka ɗauki muryar kowannensu a waya, sannan ku taru ku saurara daga farko har ƙarshe, da takardar asali a hannunka.

Wannan gwaji tsoho ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Frederic Bartlett, ya wallafa sakamakon irinsa a 1932. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta mutanen asali na arewacin nahiyar Amurka, mai ɗauke da fatalwa da yaƙi da abubuwan da ba su saba ji ba, ya sa suka riƙa miƙa ta daga wannan zuwa wancan. Labarin ya yi ta gajarcewa, sunayen wurare suka zube, kwalekwale ya koma jirgin ruwa irin wanda suka sani, farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, abin da kuma ya gagari fahimtarsu suka yar da shi ko suka nema masa dalilin da ya dace da tunaninsu. Bartlett ya fahimci cewa mai tuna abu yana sake gina shi ne kowane lokaci da kayan da ke cikin kansa. A 1947 wasu masana biyu a Amurka, Allport da Postman, suka nazarci jita-jita suka nuna cewa abubuwa uku ne ke samun ta a hanya: ana zaftare mafi yawan bayananta, ana kambama 'yan kaɗan da suka rage, sannan ana lanƙwasa ta ta dace da abin da mai ɗauke da ita ya riga ya yarda da shi ko yake tsoro. Idan ka yi gwajin a gidanka za ka ga ukun duka, kuma za ka ga cewa mutumin da ka fi amincewa da gaskiyarsa shi ma ya taɓa labarin ba tare da ya sani ba.

Nemi abin da ya faɗi a hanya

Tun da ka san irin kayan da ke zubewa, idan magana ta zo maka sai ka duba ko suna nan. Wane ne abin ya samu, a wane gari, a wace rana, kuma nawa ne adadin? Maganar da ta zo ba suna, ba rana, ba wuri, sai “wani mutum a wani gari”, alama ce ta ta sha hannu. Ka lura kuma da kalmar nan ƙarama, wato “wai”. Ita ce ta fi kowace kalma saurin faɗuwa, kuma ita ce ke ɗauke da shakkar mutumin farko. Wanda ya ce “wai an rufe hanya” ya bar wa kansa ƙofa, amma na bayansa yakan ce “an rufe hanya” kawai, na uku kuma ya ƙara da rantsuwa.

A yankinmu akwai ƙarin wahala wadda mazauna ƙasa mai harshe ɗaya ba su cika fuskanta ba. Labari ɗaya yana iya fitowa da Faransanci a rediyo, ya shiga kasuwa da Fulatanci, ya iso zaure da Hausa, idan ya haye gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena ya koma Larabcin Cadi. Kowane tsallake yana cin wani abu. 'Yan jarida masu rubutu da Faransanci suna da wata siga ta aikatau da suke amfani da ita idan labari bai tabbata ba, kuma mai fassara da ba shi da lura yakan mayar da ita magana yankakkiya. Lissafin kuɗi ya fi komai rikicewa. Bacade idan ya ce “miya”, wato ɗari, yana nufin riyal ɗari ne, kowane riyal kuma sefa 5 ne, ke nan sefa 500 yake nufi. Haka kuma “jaka” a bakin mai kashe sefa dala 200 ce, kowace dala kuma sefa 5 ce, wato sefa 1000, alhali a bakin Bakano jaka naira 200 ce. Saboda haka duk lokacin da adadi ya zo maka a cikin labari, ka tambaya da wane harshe aka fara faɗinsa, kuma da wane irin ƙirge.

Bi salsalar har inda ta tsaya

Ba mu da buƙatar aron wannan dabara daga wani wuri, domin malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kanta. Ba su karɓi magana don ta yi daɗin ji ba, sai sun san wanda ya ji daga wane, ko sun taɓa haɗuwa, ko mai ruwayar adali ne, da kuma ko yana da kiyayewa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi dacewa da batunmu, domin sun gane cewa mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah amma haddarsa ta kasance mai rauni. Mu kuwa mun saba haɗa biyun wuri ɗaya, mu ce tun da Alhaji wane ne ya faɗa, kuma ba a san shi da ƙarya ba, magana ta ƙare. Alƙur'ani a Suratul Hujurati, aya ta 6, ya yi umarni da neman bayani idan fasiƙi ya zo da labari, kuma a gabatarwar Sahihu Muslim akwai hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji.

Yin wannan a aikace yana buƙatar ladabi, musamman idan mai ba da labarin ya girme ka. Ba a ce wa babba “ina hujjarka”. Abin da na ga yana aiki shi ne ka nuna kana son ƙaruwa, ka ce, “Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan magana tana da nauyi, a wurin wa kuka ji ta, ko zan samu in ƙara ji daga bakinsa?” Idan malami ne ka ce, “Allah gafarta Malam, a wane littafi zan same ta in karanta wa yara?” Sau da yawa amsar takan zama “a waya na gani”, kuma shi kansa dattijon idan ya ji amsar ta fito daga bakinsa yakan sassauta. Idan an ambaci mutum, ka je wurinsa ko ka kira shi, shi ma ka yi masa tambayar. Da wuya salsalar jita-jita ta wuce mutum uku ba ta ɓace a cikin “an ce” ba. A WhatsApp, saƙon da ya ratsa hannaye da yawa yana zuwa da alamar kibiya biyu a samansa, kuma tun 2020 kamfanin ya taƙaita tura irin wannan saƙo zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Wannan alama ba ta ce saƙon ƙarya ne ba, abin da take gaya maka shi ne wanda ya turo maka bai san mai shi ba.

Idan salsala ta gagara, akwai ma'auni na biyu, wanda Ibn Khaldun ya yi bayaninsa a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377. Ya lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari, ciki har da son rai ga wani ɓangare, da yawan amincewa da masu ruwaya, da rashin sanin yadda al'amuran duniya suke gudana, kuma ya ɗauki wannan na ƙarshe da muhimmanci ƙwarai. Ya kawo misalin masana tarihi irin su Mas'udi da suka ruwaito cewa rundunar Bani Isra'ila ta kai mayaƙa 600,000, ya ce a duba daular Farisa wadda ta fi su girma nesa ba kusa ba, amma abin da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya bai wuce 120,000 ba. Ma'ana, ka auna labari da abin da ka sani yana yiwuwa. Da na yi haka da labarin albasa, da na tambayi kaina ko motocin fasinja na Marwa sun iso tasha a yammacin ranar, tambayar da ɗan kamasho ɗaya zai iya amsa mini a cikin minti guda.

Duba abin da ta riga ta yi maka

Wannan ɓangare ya fi wuya, domin a nan kai ne abin bincike. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma mai farin kan ba ya ganin kansa. Hanya ta farko da magana ke bi ta zauna a rai ita ce maimaici. A 1977 wasu masu bincike a Amurka suka riƙa karanta wa ɗalibai jerin maganganu, wasu gaskiya wasu ƙarya, a zama uku da ke da tazarar mako biyu a tsakaninsu, suna maimaita wasu daga ciki. Maganganun da aka maimaita sai ɗaliban suka riƙa ƙara yarda da su, ko da na ƙarya ne. Sabo da magana yana yi wa zuciya kama da saninta. Maganin wannan shi ne ka daina ƙirga sau nawa ka ji abu, ka koma ƙirga daga tushe nawa ya fito. Idan mai shayi, da direba, da gwaggonka duk sun gaya maka abu ɗaya, amma dukkansu saƙon murya ɗaya suka saurara, to shaida ɗaya gare ka.

Hanya ta biyu ita ce kalmar da aka naɗo maganar a ciki. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta suka nuna wa mutane hoto mai motsi na haɗarin mota, sannan suka tambayi wasu gudun da motocin ke yi lokacin da suka “bugi” juna, wasu kuma lokacin da suka “ragargaji” juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton. Mutum 16 cikin 50 na waɗanda suka ji kalma mai zafi suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa mutum 7 ne cikin 50. Kalma guda ta canza abin da mutum yake tunawa ya gani da idonsa. Saboda haka idan labari ya zo maka da kalmomi irin su “mamaye”, “wawushe” ko “cin amana”, ka sake faɗa wa kanka shi da kalmomi masu sanyi, ka ce wane ya yi kaza a wuri kaza, ka ga ko fushin da ka ji zai tsaya da ƙafarsa.

Ka kuma lura da jikinka. Maganar da ta sa gabanka ya faɗi, ko ta sa ka ji dole ne ka tura wa 'yan'uwa yanzu-yanzu, ita ce ta fi cancantar a kwana da ita. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya duba labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter tsakanin 2006 da 2017, ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma na gaskiya yana ɗaukar lokaci kusan ninki shida kafin ya kai ga mutum 1,500. Masu binciken sun danganta wannan da cewa ƙarya takan zo da sabon abu mai ban mamaki ko ban tsoro. A ganina akwai wani abu kuma da ya fi waɗannan duka kama mutum, wato faɗin maganar da bakinsa. Ranar da ka tsaya a majalisa ka ba da labari, ya zama naka, domin gobe idan aka ƙaryata shi mutuncinka ne aka taɓa, sai ka tarar kana kare abin da shekaranjiya kai ma shakkarsa kake yi.

Magana kuma ba ta kama ƙasa sai inda ta sami danshi. A 1990, lokacin da ake yi wa 'yan mata allurar rigakafin tetanus a Kamaru, jita-jita ta bazu cewa allurar hana haihuwa ce, har ɗalibai mata a wasu makarantu suka riƙa tsere wa ma'aikatan lafiya ta taga. An yi hakan ne a lokacin matsin tattalin arziki da rashin yarda da hukuma, kuma mutane suna tambayar dalilin da ya sa mata kaɗai ake yi wa, kuma kyauta. A 2003 irin wannan zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa watan Yulin 2004, a garin da mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Kamaru da Cadi. Abin lura ga mai bin sawun magana shi ne, idan ka ji ka yarda da wani abu nan take, ka tambayi kanka wane tsohon ciwo ya taɓa. Ciwon yana iya zama na gaske, sabon labarin kuma ya zama ba shi da tushe, kuma wajibi ne ka raba su.

Ba kowane canji ne lalacewa ba

Kada wannan ya sa ka ɗauka cewa duk abin da ya canza a hanya ya ɓaci. Dubi noman masakuwa, dawar rani da ake dasawa a baƙar ƙasa mai laka bayan ruwa ya ɗauke, a girbe ta a tsakiyar rani ba tare da ban ruwa ba. Dabarar ta shigo yankin Marwa ne daga wajen Borno, sunanta ya koma muskuwari a bakin Fulani, a Cadi kuma ana ce mata berbere. Manoman kowane yanki sun zaɓi irin da ya dace da ƙasarsu, sun gyara yadda ake tare ruwa da lokacin dashe, kuma dabarar ta canza tunaninsu, domin filin karal, wato wannan baƙar ƙasa mai laka, da a da aka bar wa dabbobi ya zama abin da ake haya ana gādo. Bambancin wannan da jita-jita shi ne kowace shekara ƙasa tana yi masa hukunci, wanda ya yi gyara mara kyau zai gani a rumbunsa. Don haka idan sabon tunani ya zo maka, ka tambaya ko akwai inda za a gwada shi a ga sakamako, kuma ka gwada a ƙaramin wuri tukuna, kamar yadda manomi mai hankali ke ware kunya kaɗan ga sabon iri.

Idan kai ne za ka miƙa

Ka raba maganarka gida uku a fili: abin da ka gani, abin da aka gaya maka tare da sunan wanda ya gaya maka, da abin da kake zato. Ka riƙe “wai” ɗinka kada ka yar da ita don labari ya yi armashi. Idan saƙo ne mai muhimmanci, kamar adadin ƙwayar magani ko ranar biyan kuɗin auduga, ka rubuta shi, ko ka sa wanda ka aika ya maimaita maka kafin ya tashi. A saƙon murya ka fara da sunanka, da garin da kake, da kwanan wata, domin saƙon da ba shi da rana yakan dawo bayan shekara biyu ya sake tayar da hankalin mutane kamar yau abin ya faru.

Idan kuma ta bayyana cewa abin da ka yaɗa ba haka yake ba, magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana iya bin ta da gyara ta hanyar da ta bi. Ka koma majalisar da ka faɗa, ko zauren WhatsApp ɗin da ka tura, ka fara da abin da yake daidai, ka ambaci kuskuren sau ɗaya a taƙaice, sannan ka bayyana yadda aka yi ya faru, domin mutane sun fi sakin labari idan an ba su wani a madadinsa. Ni ma haka na yi da batun albasa, na koma teburin mai shayi na ce mota ɗaya ce, faci ta yi, kuma tun azahar ta wuce. Wani dattijo ya dube ni ya ce, “To, ɗana, ita ce ɗaya daga cikin ukun da ka sani, sauran biyun fa?” Sai da na kira yaron motar na sa wayar a amsa-kuwwa, ya yi masa bayani da bakinsa, kafin ya gyaɗa kai ya ce a zuba masa shayi.